Hoton Jirgi da Taswirar Lulluɓin Ƙasa: Aikin da ke Tsakaninsu a Kaduna

Akwai tambayoyin da masu tsara gari da masu kula da noma da muhalli a Jihar Kaduna suke bukatar amsarsu da adadi, ba da kintace ba. Hekta nawa ta rage ta fadama a gaɓar Kogin Kaduna daga Rafin Guza zuwa Nasarawa? Kashi nawa na Rigasa kwano da siminti suka rufe, har ruwan sama ya rasa inda zai nitse sai dai ya bi titi? Ina dajin Afaka ya tsaya yanzu, ina gonaki da gidaje suka fara? Amsar duka tana cikin nau'in taswira guda, wadda ke rarraba doron ƙasa bisa abin da ya lulluɓe shi, ko rufin gini ne, ko kwalta, ko bishiya, ko ciyawa, ko shuka, ko ruwa, ko dutse, ko fako. Faɗin jihar ya haura murabba'in kilomita 46,000 a ƙananan hukumomi 23, saboda haka ba aikin da za a gama da ƙafa da igiyar awo ba ne, dole sai an leƙo daga sama.

Mutane da yawa, har da wasu masu sa hannu a kan kwangila, sun ɗauka cewa da zarar jirgi ya tashi ya ɗauko hotuna masu kyau to an gama. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Hoto yana nuna launi da haske ne kawai, taswira kuwa hukunci ce da wani ya yanke a kan kowane taƙi na ƙasa, ya ce wannan gona ce, wancan daji ne. Ingancin wannan hukunci ya fi dogara ga abubuwa uku da ba a cika maganarsu ba wajen bikin ƙaddamar da aiki: watan da aka ɗauki hoton, jerin rukunan da aka amince a raba ƙasar a kansu, da kuma yawan wuraren da aka je da ƙafa aka tabbatar. Kyawun kyamara yana biye da su ne.

Duk da haka akwai dalilin da ya sa ake neman hoton jirgi alhali taurarin ɗan Adam suna bayar da nasu kyauta. Kowane hoto na kwamfuta tarin ɗigo ne, kuma kowane ɗigo yana wakiltar wani yanki na ƙasa. A hotunan Landsat na Amurka, wanda aka fara harbawa a 1972 kuma aka buɗe taskarsa ga kowa a 2008, ɗigo ɗaya mita 30 ne a tsawo da mita 30 a faɗi, wato murabba'in mita 900. Fulotin da aka saba yankawa a Kaduna, ƙafa 50 da ƙafa 100, bai wuce murabba'in mita 465 ba, ke nan gidaje biyu da tsakar gidansu da bishiyar mangwaronsu za su narke su zama ɗigo ɗaya mai launi ɗaya. Sentinel-2 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, ya rage ɗigon zuwa mita 10, NigeriaSat-2 na 2011 kuma ya kai mita 2.5 a hoton fari da baƙi. Jirgin sama kuwa yana iya sauko da shi zuwa santimita 25 ko ma 10. A santimita 25, wannan fuloti ɗin zai ƙunshi ɗigo fiye da 7,000, a ga ɗaki, a ga katanga, a ga tankin ruwa da ke bisa ƙarfe a bayan gida.

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Hukumar safiyo ta Birtaniya da aka kafa a 1946 domin ƙasashen da take mulka ta dogara da hotunan jirgi wajen zana taswirorin Najeriya da dama masu ma'aunin 1:50,000, waɗanda har yau ake ciro su daga durowa a ofisoshin safiyo. A wancan zamani fim ɗin kyamarar santimita 23 ne kowane gefe, kuma idan jirgi ya tashi mita 1,520 da madubi mai zurfin milimita 152, hoto ɗaya zai ɗauki fili mai kilomita 2.3 kowane gefe. Mai fassara hoto yakan jera guda biyu a ƙarƙashin madubin ido biyu, ya ga tudu ya taso kwari ya lotsa, sa'an nan ya bi iyakoki da fensir a kan takarda mai shara-shara. A tsakiyar shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta koma ga na'urar rada, mai iya gani ta cikin gajimare, da aka ɗora a jirgi domin taswirar tsirran ƙasar, saboda gajimare ya hana kyamara gani, musamman a kudu. Cibiyar horar da masu wannan aiki ta Ile-Ife ta fara a 1972, kuma a nan gida Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna yaye ma'aikatan safiyo da zanen taswira. Hukumar KADGIS, wadda dokar 2015 ta kafa don rajistar filayen jihar, ita ma hotunan sama na cikin ginshiƙan aikinta. Sai dai rajistar fuloti daban, taswirar lulluɓin ƙasa daban, ko da hoto ɗaya aka yi amfani da shi.

Jirgin yakan bi layuka a jere, yana ɗaukar hoto ta yadda kowane ɗaya zai hau kan na bayansa da kusan kashi 60 cikin ɗari, layi kuma ya hau kan maƙwabcinsa da kusan kashi 30, domin a ga kowane wuri daga kusurwa biyu ko fiye. Wannan ɓangare lissafi ne da aka daɗe da ƙwarewa a kansa. Abin da ke bukatar shawara shi ne ranar tashi, kuma a Kaduna shekara ba ta bar wa matuƙi kwanaki da yawa ba. Daga Yuni zuwa Satumba hadari da gajimare sun rufe sama, a Agusta ma sai a yi kwanaki ba a ga rana sosai ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana dusashe launi, ya sa kore da toka su kusanci juna. A Maris da Afrilu gonakin tudu duk sun zama ƙasa tsirara, daji kuma an cinna masa wuta. Saura ɗan tsakanin nan na ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, sama ta washe, dawa na tsaye a gona, masara ta bushe ko an karye ta, fadama kuma tana da danshinta. Ko a cikin ranar ma sai an jira rana ta ɗaga, domin inuwar safe da ta yamma tana shimfiɗuwa ta binne lungu da rariya.

Wanda ya rasa wannan lokaci zai samu hotunan da suka yi kyau a ido amma suke ba da labarin wata ɗaya tak. Gonar masara a Saminaka kore ce shar a Agusta, ruwan ƙasa ce a Nuwamba, fako ce a Maris, kuma gona ce a duk watannin uku. Gawo, wanda ake samu a gonakin arewacin jihar, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ya saɓa wa sauran itatuwa. Gonar citta a Kachia ko Jaba, bayan an shuka an lulluɓe ta da ganye da ciyawa, daga sama ba ta da bambanci da busasshen daji. Shi ya sa masu aikin da suka san abin da suke yi ba sa barin hoton jirgi shi kaɗai: suna ɗaukar iyakoki da siffa daga gare shi, su ɗauki tarihin korewa da bushewar kowane fili daga hotunan Sentinel-2, wanda ke komowa kan wuri ɗaya kusan kowane kwana biyar. Ɗaya yana faɗin inda gona ta tsaya, ɗayan yana faɗin yadda ta yi a tsawon shekara.

Kafin a soma rarrabewa sai an miƙar da hoton, domin ɗanyen hoto yana da karkata. Abin da ke ƙarƙashin jirgi daidai shi ne kawai yake a mazauninsa, sauran duk sun jingina waje gwargwadon tsayinsu da nisansu daga tsakiya. Bene mai tsayin mita 30, idan yana nisan kilomita ɗaya daga ƙarƙashin jirgin da ke tafiya a mita 1,500, kansa zai bayyana kusan mita 20 daga gindinsa, ya rufe titin da ke bayansa. Duwatsun Kagoro da Kajuru da Kufena suna jawo irin wannan gocewa a fili mai faɗi. Ana gyara ta da samfurin tudu da kwarin ƙasa, tare da wuraren shaida da ma'aikatan safiyo suka shafa wa farin fenti a ƙasa suka auna da na'urar GPS mai daidaito na santimita. A nan akwai wani tarko da ya sha kama mutane. Tsofaffin taswirorin Najeriya an gina su a kan ma'aunin Minna, na'urorin yanzu kuwa suna aiki da ma'aunin duniya na WGS84, kuma wuri ɗaya yana iya samun lambobi biyu da suka bambanta da gomman mitoci. Idan aka ɗora tsohuwar iyakar gandun daji a kan sabon hoto ba tare da an juya ma'aunin ba, layin zai iya ratsa tsakiyar gidajen da ba su taɓa shiga gandun ba.

Inda aikin ya fi nauyi, kuma inda aka fi yin sakaci, shi ne tsara rukunai. Tun farko sai an raba abin da ya lulluɓe ƙasa da abin da ake yi da ita. Filin Murtala da filin idi da makiyaya da fulotin da mai shi ya kewaye ya bari, duka ciyawa ce ko fako a idon kyamara, amma amfaninsu huɗu ne. Taswirar da ta cakuɗa biyun, ta sa rukunin ciyawa kusa da rukunin makaranta, za ta bar mai aiki yana yanke hukunci yadda ya ga dama a duk inda filin ƙwallon makaranta ya bayyana, kuma ma'aikata biyu ba za su yanke iri ɗaya ba.

Sai kuma batun bishiyoyin gona, wanda a ganina shi ne babbar jarrabawar duk wata taswira ta wannan yanki. Manomin Giwa ko Soba ba ya share gonarsa tas, yana barin ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, yana noma a ƙarƙashinsu da kewayensu, kuma kalwa da man kaɗe suna cikin abin da gidan ke ci. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana kiran fili daji idan ya wuce rabin hekta, itatuwansa suka haura mita 5, inuwarsu kuma ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari, amma ta cire filin da noma ya rinjaya a cikinsa. Gonaki da yawa a nan sun cika sharuɗɗan ukun farko, sharaɗin ƙarshe ne kaɗai ya fitar da su, shi kuwa ba a ganinsa a hoton rani sai da ƙyar, ta hanyar sawun kunya. Idan manhaja ta kira irin wannan gona daji, adadin dajin jihar zai kumbura a takarda, a yi ta murna a banza. Idan ta kira ta gona ta yi shiru, bishiyoyi masu ɗimbin yawa sun ɓace daga lissafi, kuma ranar da aka sare su aka yi gawayi babu taswirar da za ta nuna an yi asara. Hoton santimita 25 yana ba da mafita da hoton tauraro na kyauta ba ya iya bayarwa, wato a zana kowace bishiya ita kaɗai a shafi ɗaya, a zana gonar da ke ƙarƙashinta a wani shafin, sa'an nan a bar mai amfani da taswira ya haɗa su bisa tambayar da ke gabansa.

Haka saura take, wato gonar da aka bari ta huta. Gonar da aka huta shekara biyu ko uku ta cika da gamba da sabara, kuma gamba a Oktoba tana iya fin mutum tsayi, har samfurin tsayi, wato awon tsayin abin da ke kan ƙasa, ya ɗauke ta a matsayin kurmi. A sassan Birnin Gwari da Chikun da rashin tsaro ya kori manoma daga gonakinsu na wasu shekaru, irin wannan tsiro zai bayyana a taswira tamkar daji ne ke farfaɗowa, alhali gonakin mutane ne da suka kasa zuwa. Burtali ma yana da tasa matsalar, domin siriri ne, wani wuri bai fi 'yan mitoci ba bayan gonaki sun ci gefensa. Kowace taswira tana da mafi ƙanƙantar abin da ta yarda ta zana, kuma idan aka sa wannan iyaka a rabin hekta, burtali da kududdufi da 'yar fadamar bakin rafi za su narke cikin gonar da ke kusa da su. Abubuwan da aka fi rigima a kansu tsakanin manoma da makiyaya su ne suka fi saurin ɓacewa ta wannan hanya. Don haka jerin rukunai ba abin da za a kwafo daga aikin wata ƙasa a liƙa ba ne, zama yake bukata da malaman gona da ma'aikatan gandun daji da masu tsara gari da wakilan makiyaya, kafin jirgi ya tashi, ba bayan an kawo daftari ba.

Idan aka zo rarrabewar kanta, ƙanƙantar ɗigo tana kawo wata wahala da masu hoton tauraro na kyauta ba su sani ba. A mita 30 unguwa launi ɗaya ce, a santimita 25 kuwa rufin gida ɗaya yana da launi goma: gefen da rana ta haska, gefen inuwa, tsatsa, sabon fallen da aka sauya bara, tayar mota da aka ɗora don iska. A ɗauki wani lungu a Tudun Wada a kan allon kwamfuta. Tsohon kwano mai tsatsa da jan titin marmara da ke gabansa launinsu kusan ɗaya. Soron ƙasa da tsakar gidan da aka share ba su da bambanci, tun da da ƙasar wurin aka gina shi. Inuwar katanga baƙa ce, ruwan kwata baƙi ne, kwalta sabuwa baƙa ce, a wajen gari kuma inda aka ƙone ciyawa shi ma baƙi ne. Kogin Kaduna da damina ja ne saboda laka, sai ya yi kama da gonar da aka yi wa huɗa. Sababbin gidajen Millennium City da Unguwar Rimi masu rufin kore da shuɗi suna iya shiga rukunin bishiya ko na ruwa. Manhajar da ke duban ɗigo ɗaya-ɗaya za ta fitar da taswira mai dabbare-dabbare wadda ba ta da amfani.

Dabaru uku ake haɗawa a kan wannan. Ta farko ita ce hasken infirared na kusa, wanda ido ba ya gani amma kyamarar aikin taswira take ɗauka a matsayin launi na huɗu bayan ja da kore da shuɗi. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske ya mayar da infirared da ƙarfi, ruwa kuwa yana shanye infirared ɗin kusan duka. Idan aka debe ja daga infirared aka raba da jimillarsu, ana samun lamba tsakanin -1 da 1, wadda take tashi sama a kan ganye mai rai, ta faɗi a kan koren fenti. Ta biyu ita ce tsayi, ko daga haɗa hotunan da suka hau kan juna, ko daga na'urar laida mai harba hasken lesa ta auna dawowarsa. Da tsayi ake raba soro da tsakar gida, kwano da titi, mangwaro da ciyawa. Ta uku ita ce a daina duban ɗigo, a fara tattara maƙwabtan ɗigogi masu kama da juna su zama yanki ɗaya, sa'an nan a tambayi siffarsa da abin da ke kewaye da shi: baƙin yanki mai kusurwa huɗu da ke manne da yammacin gini da safe inuwa ce, ba tafki ba. Kwangilar da ta yi tsimin launi na huɗu ko samfurin tsayi don rage kuɗi ta sayi hoton da ya dace da bango, amma bai dace da wannan aiki ba.

A shekarun nan ƙirƙirarriyar basira ta karɓi mafi yawan wannan rarrabewa, musamman tun daga 2015 da aka fitar da tsarin manhaja mai suna U-Net, wanda aka ƙera don hotunan asibiti amma masu taswira suka ɗauke shi. Yana aiki da sauri, kuma dole a nemi sauri, domin jihar baki ɗaya a santimita 25 ta haura ɗigo biliyan 700. Amma irin wannan manhaja abin da aka koya mata kawai ta sani. Ana ba ta dubban misalan da mutum ya zana da hannu, ta koyi kamanninsu, kuma yawancin misalan da ake samu a shirye daga biranen Turai da Amurka aka zana su, inda shirin NAIP na ma'aikatar noman Amurka, alal misali, ya shafe fiye da shekara 20 yana ɗaukar hoton ƙasar a kai a kai. Manhajar da ta tashi a kan waɗannan ba ta taɓa ganin rumbu ba, ba ta san jinka ko suri ko tarin kara ko rugar Fulani ba, kuma za ta ba kowannensu sunan abin da ya fi kama da shi a cikin abin da ta sani, ba tare da ta nuna shakka ba. Dole a zana misalai daga nan, daga kowane sashe na jihar, domin abin da aka koya a Makarfi, ƙasar rake da fili shimfiɗaɗɗe, ba zai yi aiki a Kafanchan mai duhuwa da tuddai ba. Wanda ya tashi a karkara ya san cewa zagayen baƙar ƙasa a gefen daji tsohon mashekarin shanu ne, kuma wannan sani yana da daraja a aikin nan daidai da iya sarrafa manhaja, ko da yake ba a biyansa haka.

Bayan an fitar da taswira sai a auna gaskiyarta. Ana zaɓen wurare da ƙuri'a, ba bisa son rai ba, a je a ga abin da ke wurin, a jera shi da abin da taswira ta ce a cikin jadawali. Tun 1976 masana hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka sa kashi 85 cikin ɗari a matsayin mizani, kuma lambar ta bi duniya har ta zama abin da ake rubutawa a kwangila ba tare da tunani ba. Lamba ɗaya tilo tana ɓoye abu da yawa. A ce fadama kashi 3 ce cikin ɗari na wata ƙaramar hukuma, taswirar da ta kasa gano fadama ko ɗaya amma ta dace a sauran za ta ci kashi 97, a tafa mata, alhali mai neman inda za a yi noman rani ba ta ba shi komai ba. Abin da ya kamata a nema shi ne sakamakon kowane rukuni, ta fuska biyu: cikin wuraren da taswira ta kira fadama nawa ne fadamar gaske, cikin fadamun gaske kuma nawa ta gano. Akwai kuma halin da ma'aikata ke faɗawa na tsayawa a bakin kwalta, su ɗauki shaida daga hanyar Zariya ko ta Kachia saboda sauƙin mota, sai sakamakon ya zama na bakin hanya ne kawai. Inda tsaro ya hana shiga, gaskiya ita ce a shata yankin a kan taswirar a rubuta cewa ba a tabbatar da shi da ƙafa ba.

Kuskuren yana ninkuwa idan aka kwatanta taswirori biyu don a ga canji. Idan kowace ta dace da kashi 90, kuma kurakuransu ba su da alaƙa, wuraren da duka biyun suka dace kusan kashi 81 ne, ke nan kusan ɗaya cikin biyar na filin zai iya nuna canjin da bai faru ba, ko ya ɓoye wanda ya faru. Idan ta farko hoton Nuwamba ce ta biyu kuma na Maris, sai a ga an ba da rahoton kwararowar hamada inda rani ne kawai ya yi. Wannan ya shafi Kaduna kai tsaye, domin tsarin birnin da Max Lock, Baturen Ingila mai tsara gari, ya fitar a 1967 ya hango zuwa 2017, garin kuma ya bazu zuwa Igabi da Chikun, kuma duk mai son auna yadda gidaje suka gangara cikin hanyar ruwa, irin abin da ambaliyar 2003 da masu biye mata suka tona a wuraren Kigo Road, sai ya kwatanta hotunan zamani biyu da aka ɗauka da kyamarori dabam, a watanni dabam.

Ya kamata kuma a san iyakar abin da taswirar za ta iya shaida. Tana iya cewa a ranar kaza akwai rufi a wuri kaza. Ba ta san mai shi ba, ba ta san ko gado ne ko saye ko awon igiya ba, kuma fili da ta kira ciyawa ba ya nufin ba shi da mai shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna bisa amana, amma ta san da haƙƙin gargajiya na mazauna karkara, wanda ba ya bayyana a hoto. Jami'in da ya kalli launin saura a allo ya ce ga fili babu kowa, ya ɗora wa taswira nauyin da ba a yi ta dominsa ba.

Saura batun tsufa. A gefen gari kamar Rigachikun ko Sabon Tasha, hoton shekara biyar ya riga ya zama tarihi, tashin jirgi a kan jihar baki ɗaya kuwa tsadarsa ba ta barin a maimaita kowace shekara. A ra'ayina bai kamata a zuba dukan kuɗin a neman santimita 10 ko'ina ba. Cikin birni da gaɓar kogi suna bukatarta, gonakin Lere da dazukan Kamuku kuwa santimita 50 ta ishe su, kuma rarar da aka samu ta tafi wajen zuwa da ƙafa da sabuntawa. Hotunan Sentinel-2 na kyauta za su iya nuna inda abu ya sauya, sai a tura jirgi maras matuƙi ya sake ɗaukar wannan yanki kaɗai. Shi ma yana da sharaɗinsa, domin tun 2016 sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake tashinsa, kuma a garin da ke da makarantar horar da hafsoshi, da sansanin sojan sama a Mando, da barikin Jaji a kusa, akwai sassan da dole a tsara aikinsu tare da jami'an tsaro tun kafin a sa ranar tashi.